Ƙarfen da Na Shayar a Ka'akiyya

A bana shekaruna sittin da tara a duniya, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya auku shekara goma sha biyu da suka wuce, ina baƙo a Makka. Sunana Bawa, ɗan gidan maƙera ne ni a birnin Kano, kaka da kakanni. Na buɗe ido na tarar da mahaifina a gaban uwar maƙera, na ja masa zuga-zugi tun ban isa ɗaga masaba ba. Da zamani ya juya na koma gyaran mota, na yi shekara talatin a ƙarƙashin manyan motoci, amma ban taɓa yarda a kira ni makanike kurum ba. Ni maƙeri ne da ya san mota.

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Ya isa in ce mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, na sayar da garejina, na yi wa mutane sallamar wanda ba zai komo ba. Buri guda na ɗauko: in ci da hannuna a Makka har wa'adina ya cika, a sallace ni a Harami, a sa ni a ƙasarta.

Zangona na fari wata unguwar Makka ce, Hindawiyya. A ƙasar nan baƙo ba ya zama sai da ikama, wato takardar zama, ikama kuwa ba ta samuwa sai da kafili, ɗan ƙasa wanda zai tsaya maka. Dillalin da ya yi mini hanya tun daga gida ya rantse cewa kafilina yana da babban gareji mai jiran gwani irina. Sau ɗaya tak na ga mutumin. Ya zo a mota, bai fito ba, ya sauke gilashi ya karɓi fasfona, ya ce in jira shi gobe. Na jira shi wata huɗu a wani ɗaki da muke kwana mu tara. Da na matsa da bincike sai aka gano babu gareji, ba a kuwa taɓa yinsa ba, kuma mutumin ya riga ya kai rahoto cewa na gudu daga wurin aikinsa. Ni da ban taɓa guje wa ko ɗan ubana ba, ga sunana a takardar hukuma cikin gudaddu.

Zango na biyu Utaibiyya. A wani masallaci na gamu da Malam Auwalu, ɗalibi ne Bazazzagi mai karatun hadisi. Ya ji ina tambayar ladani da Hausa ko akwai inda tsoho zai ajiye jakarsa, sai ya juyo ya ce, "Baba, wannan harshe na Kano ne. Me aka kawo sayarwa?"

Na ce, "Hankali na kawo, na ji an ce Zagezagi na nema."

Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ɗauki jakata. Shekara biyu da rabi na yi a kan tabarma guda a gefen littattafansa, bai taɓa nuna mini na takura shi ba. A cikin shekarun nan na yi aikin da a Kano ko almakashi ba zan ɗauka dominsa ba: facin taya, walda a ƙofar gidaje, gyaran ƙafar keken gurgu. Duk inda na ga motar hukuma sai in saki kayan aiki in shiga lungu. Ba yunwa ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi shi ne babu mahalukin da ya san ɗan wane ne ni. A Kano in na ratsa kasuwa sai a ce ga Bawa na gidan maƙera. A nan kowa "ya Hajji" yake ce mini, kamar yadda zai ce wa kowane baƙin tsoho da ya tare masa hanya. Wata rana na wuce mai gasa nama, ƙamshin gawayi ya buge ni, na tsaya a bakin titi ina share ido kamar yaro.

Ana nan sai hukuma ta yi shela cewa ta ba da wa'adin 'yan watanni: duk marar takarda ya nemi sabon kafili ya gyara zamansa, ko ya fita salin alin. Wanda aka kama bayan wa'adi za a ɗauki hoton yatsunsa a kore shi. Malam Auwalu ya shigo da labarin yana haki. Ya ce, "Baba, ƙofa ta buɗe. Na san wani yaro a unguwar Ka'akiyya, jikan Hausawa ne amma ɗan ƙasa ne, yana da warsha da rajista. Sai dai fa yana da wani ciwo."

"Wane irin ciwo?"

"Ciwon hawa dutse da mota. In mun je ka gani."

Zango na uku ke nan, Ka'akiyya, kuma shi ne na ƙarshe. Warsha ita ce gareji a bakin mutanen can. Mai ita sunansa Yasir, bai wuce shekara talatin ba, dogo, mai yawan dariya, Hausarsa rabi Larabci rabi. A bayan warshar ya kai mu ya yaye tamfol daga kan wata halitta. Ƙashin tsohuwar a-kori-kura ne aka tuɓe mata jiki, aka ɗaura mata keji na bututun ƙarfe da kujera biyu, aka ɗaga ta sama a kan tayoyin da suka kai mini ƙirji. Shi ya haɗa ta da hannunsa cikin shekara uku. Shi da abokansa sukan fita duwatsun hanyar Ɗa'ifa ran Juma'a, su yi ta rarrafe da irin waɗannan motoci a kan faƙo da kwazazzabai inda ko jaki sai ya yi shawara.

Na ce, "Ɗana, a can saman dutsen akwai kasuwa ne, ko gona?"

Ya ce, yana kirana baffa da Larabci, "Wallah ya ammi, ma fi, babu kome. In ka hau, sai ka sauko."

Mai neman ikama ba ya yi wa kafili wa'azi. Sai na shiga ƙarƙashin motar na duba, nan da nan na ga ciwonta. Ya sa mata ƙafafun giwa a kan gaɓoɓin akuya. Aksalinta, wato ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kansa, na asali ne, siriri, shi ya sa duk fita sai ya karye. Giyarta ta yi sauri ga dutse, sai ya yi ta ƙona kuloci. Sitiyarin kuwa sai an sa ƙarfi biyu kafin ya juya, in taya ta bugi dutse ya fizge daga hannu. Na fito na zayyana masa duka, ya tsaya da baki buɗe.

Ya ce, "Mu'allim! Ka gyara mini ita. Akwai wani dutse, kowa ya hau shi sai ni, suna ta yi mini dariya. Ranar da ta hau, wallahil azim washegari mu je a juyo da ikamarka kaina. Halas, shi ke nan?"

Malam Auwalu ya ce, "Yasir, da an fara yin takardar, aikin ya biyo baya."

Ya daki kafaɗarsa yana dariya. "Ya shaikh, in na yi masa yau, gobe wata warsha ta sace mini shi. Lokaci yana nan."

Saura wata uku wa'adi ya cika. Na ce na yarda.

Muka fara da aksali. Yasir ya kai ni tashlihi, filin da ake farke matattun motoci a bayan gari, inda rana ke dafa ƙarfe har ba ya taɓuwa sai da tsumma. Wani mai wurin ya fito mana da aksali biyu masu kauri, na gaba da na baya, ya rantse da abin da ya fi ƙarfinsa cewa daga mota ɗaya ya ciro su. Yasir har ya kira masu ɗauka. Na ce a dakata. Na ciro alli daga aljihu na yi alama a kan mazaunin taya da kuma inda farfela, sandar da ke kawo juyi daga giya, ke ɗaurawa, na juya tayar zagaye guda ina ƙirga. Na gaba ya ba ni huɗu da ɗan ɗori, na baya ya kusa biyar. Na ce wa Yasir, "Faɗa masa waɗannan ba uwa ɗaya ta haife su ba. In aka haɗa su, ƙafar gaba da ta baya za su yi ta jayayya har ɗaya ta karya ɗaya." Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya faɗi wata kalma da Yasir ya ƙi fassara mini, sa'an nan ya shiga can ciki ya jawo na gaskiyar. A hanyar komowa Yasir ya kira abokansa ɗaya bayan ɗaya yana ba su labarin tsoho da allinsa. Na zauna ina kallon titi kamar ban ji ba, alhali kaina ya kusa taɓa rufin motar. Tun da na sauka ƙasar, ranar ce ta fari da aka yabi sanina.

A warshar akwai wani Bafakiste, wato mutumin Pakistan, Gulam, mai aiki a kan injin fere ƙarfe. Ya girmi Yasir, ni kuma na girme shi da kusan shekara goma sha biyar. Ba ya jin Hausa, ni Larabcina na kasuwa ne, nasa ma haka, amma mun fahimci juna da hannu da alli a kan siminti. Kullum da hantsi sai ya raba shayinsa biyu ya turo mini rabi, ba tare da ya dube ni ba. Tare muka ɗaura aksalin nan biyu, muka yanke farfela muka daidaita tsawonta. Akwai ƙaramin akwatin giya mai raba ƙarfi ga ƙafa huɗu, su suna ce masa dabal. Na ba da shawara a jera guda biyu, ɗaya a bayan ɗaya, domin motar ta riƙa tafiya kamar hawainiya amma da ƙarfin raƙumi, Gulam ya fere ƙarfen da ya haɗa su. Tulun giyar da ke tsakiyar aksalin baya kuwa na buɗe shi na yi wa haƙoransa walda suka zama dunƙule guda, saboda ko taya ɗaya ta rataya a iska ɗayar ta ci gaba da turawa.

Gidan su Yasir yana bayan warshar. Mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, an zo da ita daga ƙasar Sakkwato a goye, ta tsufa a Makka, amma Hausarta tana nan yadda uwarta ta bar mata. Ran da ta ji akwai maƙeri Bakano a wurin ɗanta sai ta aiko da kwanon tuwo da miyar kuka, daga ranar kuwa bai yanke ba. Wani lokaci takan tsaya daga bayan ƙofa mu gaisa.

"Maƙeri, ina gajiya? Yaron ga shina wahal da kai ko?"

"Hajiya, ai aikinmu ne."

"Ni dai ban son motag ga. Amma tun da kaz zo hankalina ya kwanta. Na ce mishi, yanzu ka samu babba."

Sai muka zo kan sitiyari, saura kwana goma sha shida. Mun samo a tashlihi akwatin sitiyari na babbar mota mai aiki da famfon mai, muka ɗaura, ya zamana da yatsa biyu ana juya tayoyin nan. Amma akwai wani guntun ƙarfe mai kauri, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, wanda ke fitowa daga akwatin ya kama sandar da ke tura tayoyi. Shi ake kira hannun sitiyari, duk nufin direba ta cikinsa yake bi. Da muka gwada sai muka ga in an karya kan motar hagu, sandar tana gogar tulun sabon aksali. Sai an sami hannu mai lanƙwasa, wanda ya sauko ƙasa da kamar yatsa uku.

Gulam ya ce irinsa sai an aiko da shi daga wata ƙasa, ƙerarre daga masana'anta, mako uku ko huɗu. Yasir ya ɗaga kafaɗa ya ce to a aiko, dutse ba ya gudu. Shi dutse ba ya gudu, ni kuwa kwanakina suna gudu. Na tuna masa wa'adi, ya ce, "Ya ammi, kullum suna ƙara wa'adi, kada ka damu." Bai faɗa da mugunta ba. Wanda aka haifa da takarda ba ya jin nauyin rashinta.

Na ce, "Ba sai an aiko ba. Ni zan lanƙwasa wannan."

Gulam ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ɗauki hannun ya nuna mini, ya ce, "Hajji, wannan, wuta, la. In dole wuta, a bar shi cikin yashi ya huce shwayya shwayya, a hankali, kwana guda. Ruwa, la! La!" Ya kama alli ya karya shi biyu a gaban idona.

Na fahimce shi sarai, kada wani ya ce rashin harshe ne. Abin da na ji a raina shi ne, mutumin da ya san ƙarfe a kan inji kawai yana koya wa ɗan maƙera yadda ake sarrafa wuta. A gidanmu in an ƙera gatari ko fartanya, ba a cewa an gama sai an shayar da shi: a mai da shi wuta ya yi ja kamar gauta, a tsoma shi cikin ruwa yana ƙara, ya fito da taurin da zai sari kirya bai lanƙwashe ba. Ƙarfen da aka bari ya huce da kansa muna kiransa rago. Mahaifina ya taɓa jefar da lauje goma da na ƙera domin na manta ban shayar da su ba. To, yaya zan sa ragon ƙarfe a wurin da ran mutum ya rataya? Haka na yi wa kaina hujja. Ban tsaya na tuna cewa gatari sara yake yi, shi kuwa wannan murɗa da girgiza zai sha ba.

Ran Talata da azahar, Gulam ya tafi cin abinci, Yasir ya fita. Na ɗaure hannun a bakin maƙama, na kunna wutar gas, na gasa wuyansa har ya yi jan da na sani, na sa masa bututu na danna shi ya sauko yatsa uku daidai, ko gashi bai kauce ba. Sa'an nan na kama shi da awartaki na yi bisimilla na tsoma shi cikin bokitin ruwa. Ya yi ƙarar nan da na tashi da ita a kunne, tururi ya tashi, na ji kamar ina zauren gidanmu. Na goge shi, na shafa masa baƙin fenti, na ɗaura. Da Gulam ya komo ya ga bokitin da baƙin ruwa a ciki, ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Hajji..." Na juya masa baya na ci gaba da ɗaure noti. Washegari da hantsi ya turo mini rabin shayinsa kamar kullum.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka fita, saura kwana tara. Aka ɗora motar a kan tirela, ni da Gulam da Malam Auwalu muka bi a baya, domin na ce ya zo ya ga abin da Kanawa ke iyawa. Dutsen baƙi ne, tsayinsa kamar bene hawa huɗu, da wata hanya a jikinsa mai duwatsu kamar an zubar da buhuna. Abokan Yasir suka kewaye motar suna leƙa ƙarƙashinta, yana nuna ni yana cewa, "Hada mu'allim!" Ya shiga, ya sa giyar nan ta hawainiya, ta kama dutsen.

Wallahi ta hau. Ban taɓa ganin aikin hannuna ya yi kyau kamar ranar ba. Taya ɗaya ta rataya a sama, sauran suna tura ta sannu sannu, injin ko haki ba ya yi. Ta wuce inda ta saba karyewa, samari suka ɗauki ihu. Malam Auwalu ya kama hannuna ya ce, "Baba, na janye maganata a kan Kanawa, har gobe da safe." Saura kaɗan ta kai ƙoli, akwai wani lanƙwasa inda dole a karya kai hagu, tayar gaba ta dama ta shiga tsakanin duwatsu biyu ta maƙale. Yasir ya murɗa sitiyari, famfon nan mai ƙarfi ya tura. Na ji ƙara guda, ƙas, ba babba ba, kamar an taka busasshen kara. Tayoyin gaba suka juya inda suka ga dama. Na ga hannun Yasir yana ta juya sitiyari yana zagayawa a banza. Motar ta zame gefe, ta kwanta, ta yi juyi uku zuwa ƙasa. A juyi na biyu rabin jikinsa ya fito, kejin ya bi ta kan bayansa.

Ba zan bayyana yadda aka ciro shi ba. Yana numfashi, yana magana, amma ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Da aka tafi da shi asibiti, na ga Gulam ya hau dutsen shi kaɗai yana dube-dube, ya sunkuya ya ɗauki wani abu ya sa a aljihu. Abokan suka tsaya suna tattaunawa, na tsinci kalmar tashlihi a bakinsu sau da yawa. Sun riga sun yanke hukunci: ruɓaɓɓen ƙarfe ne na mutumin nan macuci, wanda tsoho ya kama da alli.

Da muka komo Ka'akiyya Gulam ya ja ni bayan injinsa ya sa mini abin a tafin hannu. Guntun hannun sitiyarin ne. Ƙarfe mai lafiya yakan miƙe ya lanƙwashe kafin ya rabu. Wannan ya tsinke ne tsaf a daidai wuyan da na gasa, bakin karayar fari fat, yana ƙyalli kamar gishiri. Duk wanda ya taɓa riƙe awartaki ya san ma'anar wannan fari. Gulam ya rufe yatsuna a kansa, ya ɗora yatsa a kan leɓensa, ya ce, "Ana ma shuft." Wato shi bai ga kome ba.

Kwana huɗu ina yawo da shi a aljihu. A rana ta biyar Hajiya Kulu ta aiko kirana, Malam Auwalu ya raka ni. A ƙofar gida muka tarar da wani mai bin takardu a ofisoshin hukuma zaune a mota da fayil a cinyarsa. Aka shigar da mu falo, karo na fari da na zauna a gabanta. Ta rame cikin kwanakin nan kamar an yi shekara.

Ta ce, "Maƙeri, likitoci sun ce ba shi ƙara takawa. To, Allah ya yi. Yasir yac ce a cika maka alkawali, ka riƙe warsha kai da Gulam, don da ita muka ci. Ga mutum can waje, yau za a kai takardarka." Ta gyara mayafi. "Abu guda nika son ji daga bakin babba. Yaran ga sun ce ƙarhen tashlihi ne. Shi kau ya ce sitiyari ya mutu a hannunai. Kai ka san ƙarhe. Mi yak karye?"

Malam Auwalu ya taka mini ƙafa a hankali. Kalma ɗaya ake nema, kuma an riga an tauna mini ita, haɗiyewa kurum ya rage. Mutumin tashlihi macuci ne da ma, babu mai yi masa kuka, babu ma wanda zai je ya tuhume shi. Na dubi kwanon shayin da ta sa aka ajiye mini. Ba tsoron Allah ne ya fara zo mini ba, kada in yi wa kaina ƙarya a kan takarda. Abin da ya zo mini shi ne, a gidanmu maƙeri ba ya musun ƙirarsa. In gatarinka ya tsage a hannun manomi, kai ne za ka fara cewa naka ne. Girman kan da ya sa na tsoma ƙarfen nan a ruwa, shi ne dai ya hana ni jingina shi ga wani.

Na ciro guntun na ajiye a kan darduma a gabanta. Na ce, "Hajiya, ba laifin tashlihi ba ne. Ni na gasa shi, ni na shayar da shi da ruwa irin na gatari. Gulam ya hana ni, na ƙi ji. Na yi gaggawa ne saboda takardata."

Ta daɗe tana kallon ƙarfen, ba ta taɓa shi ba. Sa'an nan ta ce, "An hana ka?"

"An hana ni."

"Kuma ka bari ya hau."

Malam Auwalu ya fara, "Hajiya, ƙaddara..." Ta ɗaga masa hannu.

"Malam, na san ƙaddara, na girme ka da saninta." Ta juyo gare ni. "Ba ni kai ka ƙara. Na yahe maka don Allah, shi ma in ya ji sai in roƙe shi. Amma ban iya aiko da tuwo kullum ga hannun da ya yi wanga aiki, kuma ban iya jin ƙarar gudumarka bayan ɗakin da ɗana ke kwance. Ɗauki ƙarhenka."

Na ɗauka. Muna fitowa aka kira mai bin takardu ciki, bai daɗe ba ya fito ya tayar da motarsa ya tafi.

Kwana huɗun da suka rage na bi warsha goma sha ɗaya, Gulam yana raka ni bayan an tashi aiki yana yabona da Larabcinsa. Babu mai son tsoho a ƙurarren lokaci. Na je layin masu neman fita, na tarar da jama'a kamar ranar Arfa, wa'adi ya cika ban kai ga taga ba. Bayan mako uku aka tare mu a hanyar kasuwar kayan lambu ta Ka'akiyya, aka tambayi ikama. Na yi kwana ashirin da wani abu a tsare, aka shafa yatsuna goma a kan gilashi, aka sa ni a jirgi da rigar da ke jikina. Ko ɗawafin bankwana ban samu ba. Da motar da ta kwashe mu ta bi ta wata gada na hango hasumiyoyin Harami daga nesa, wani da ke gefen taga ya matsa mini na duba har suka ɓace.

Yanzu ina zaune a ɗakin ƙofar gida wurin babban ɗana. Mutane sun ɗauka kamen takarda ne kawai ya komo da ni, kamar sauran jama'a, na kuwa bar su a kan haka shekara goma sha biyu. Hajiya Kulu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yasir yana nan da rai a kan keke, ban taɓa samun saƙo daga gare shi ba, ban kuma san ko ta kai ga roƙon nasa ba. Wanda ya yi shakkar abin da na rubuta, Gulam Bafakiste ya ga bokitin kuma shi ya tsinto guntun, in yana raye yana ƙasarsu. Malam Auwalu kuwa a lokacin yana tsaye a gindin dutsen, yana kuma zaune a falon. Yana koyarwa a Zariya yanzu, kowa ya je zai same shi.